Uban Ɗalibata Daga Hamdara

Da zan bar Kano zuwa Damagaram koyar da Turanci, ba wanda ya ji tausayina a gida. Yayata cewa ta yi, "Wannan ai ba ƙasar waje ba ce, bayan ɗaki ne." A kasuwa gaskiyarta ce, in na buɗe baki ko waiwayowa ba a yi. Amma da na taka ƙofar lakwal, kamar yadda suke kiran makaranta, sai na koma kurma. Taron malamai da Faransanci ake yi, sanarwa ma haka. Ana dariya in yi murmushi, ana tashi in tashi. Ba mai tunawa ya fassara mini, don a ganinsu ni 'yar gida ce.

A ajina akwai wata yarinya 'yar ƙauyen Hamdara da ke zaune wurin gwaggonta a cikin gari. Ba ta da surutu, amma Turanci yana shigar ta sosai. Sauran darussan ne suka ƙi ta.

Da shekara ta ƙare, washegarin taron malamai, na tarar da wani dattijo tsugune gindin darbejiya a bakin ƙofa. Ya miƙe da ya gan ni.

"Ke ce malamar Kano?"

"Ni ce, Baba. Sannu da zuwa."

Ya ce shi ne mahaifin yarinyar. Saƙo ya iske shi a gona cewa an kore ta, makinta bai kai ba, ga shi ta riga ta maimaita aji sau ɗaya. "Kullum zancenki take yi. Ni in na shiga biro, wurin darakta, bakina mutuwa yake. Ki shigar mini, 'yata, ke za su ji maganarki."

Na rasa yadda zan gaya masa nawa bakin ma a mace yake. Na dai shiga ofishin daraktan makarantar.

Daraktan mutum ne mai fara'a. Muka gaisa da Hausa, har ya tambaye ni ya zafi. Ina kawo maganar yarinyar sai ya gyara zama ya juya harshe. Ya yi ta bayani yana nuna wannan yana nuna wancan, ni kuwa "mwayen" kawai nake tsinta, wato matsakaicin maki. Na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah da Hausa."

Ya dube ni da mamaki. "Madam, ai jiya aka yanke, kina zaune a wurin. An tambaya ko akwai malamin da zai tsaya mata, ba wanda ya ce uffan. Yanzu ya wuce hannuna."

Sai na tuna. Na ji sunanta ya gilma cikin sunaye, aka ɗan yi shiru, na zaci yabon ta za a yi. Na roƙe shi, na sake roƙo. Ya ba ni haƙuri, ya raka ni bakin ƙofa.

Dattijon bai bari na gama ba, ya gani a fuskata. "Ba komai, Malama. Kin yi ƙoƙari, Allah ya saka." Ya kwance ƙullin gyaɗa ya miƙo mini. Na ce a'a, ya ce don ni ya ɗauko ta tun daga gida. Na karɓa hannu biyu, na tsaya ina kallon sa har ya sha kwana.

A hutun nan na roƙi wata malamar lissafi ta fara koya mini Faransanci, muna zama a zaurensu bayan la'asar. Da aka koma na je gidan gwaggon yarinyar, ta ce tana can ƙauye ana aikin gero. Na ba da gaisuwa a kai mata. Ban sani ba ko ta isa.