Gadar da aka gina mana a rediyo

Shekarun baya, zamanin da ake zaɓe da bin layi a bayan hoton ɗan takara, ina noma a ƙauyenmu can bayan Burumburum. Muna da wani rafi gabas da gari, in damina ta kankama sai dai kallo. Kansilanmu ya yi alkawarin gada, aka juye tifar yashi guda, shi ke nan ba a ƙara jin ɗuriyarta ba.

Wata rana da rani muna majalisa, sai muka ji a rediyo wai an kammala gadar garinmu, har motoci suna wucewa. Kai, mun sha dariya! Ni sarkin ƙauyanci har da tafi, don an ambaci sunan garinmu. Mun san kansila ne ya sayi filin a gidan rediyon, ai ana faɗa a ƙarshen shirin.

Ashe abokina, wani Bafulatani da muka taso tare, ya ji shirin a can kudu inda ya kai shanu cin rani. Shi kuwa rediyo ba ya barin kafaɗarsa. Da ruwa ya sauka, sai ya bar doguwar hanyar da ya saba zagayowa, ya yanko ta rafin da iyalinsa da garkensa. Ya tarar da ruwa taf, babu gada babu dalilinta. Dama da hagu an yi shuka, ba inda zai kwana da shanu. Dole suka faɗa ruwan. Manyan shanun suka haye, ruwa ya tafi da maraƙar da ya ba 'yarsa ranar suna.

Na je masa jaje a ruga, yarinyar tana gefe ta ƙi cin abinci. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Ya ce, "Kaɗo, yanzu rediyo ma ƙarya ake yi a ciki?" Na ce labarai daban, filin da aka saya daban, kamar rumfar kasuwa ne, wanda ya biya shi ke baza hajarsa. Sai ya ce, "Ashe bakin rediyo ma haya ake ba da shi."

Bayan girbi zaɓe ya zo, kansila ya shiga ruga neman ƙuri'a. Abokina ya shimfiɗa masa tabarma, ya kawo masa nono, ya ce, "Ranka ya daɗe, za mu zo mana. Ta kan gadarka za mu biyo, sai ka jira mu." Ranar zaɓe Fulanin da ba su taɓa fitowa ba suka fito, har da tsofaffi, suka jeru bayan ɗaya hoton. Kansila ya sha ƙasa.

Yanzu labari a waya yake zuwa, har da hoto da murya. Ina karantawa, ban ce duk ƙarya ba ne. Amma kafin in yarda ko in tura, sai na tambayi wa ya faɗa, kuma wa ya biya. Abin da mu na kusa muka yi wa dariya, na nesa da shi ya zaɓi hanyar da zai bi da iyalinsa.