Abin da ke Bayan Kafaɗar Malam

Ban iya rubutu ba, 'yata ce ke rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mini komai.

Malam, mijina, ya rasu shekara biyu ke nan. Yadi yake sayarwa a kasuwa, da hannun nan nasa ya auna abin da ya ciyar da mu. Daga baya hannun ya kama rawa, ko kofi ba ya riƙewa sai ya zubar. Har yau in na tuna sai na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Ƙawaye biyu gare ni tun muna amare a Ƙofar Atiku: maƙwabciyata da muke katanga ɗaya, da wata da ta koma Mabera. Su suka zauna da ni a takaba. Kowace Alhamis bayan la'asar sukan zo, in dama kunu, mu kunna bidiyon bikin autata, don a nan ne kaɗai Malam yake motsi. Ya shigo tsakar gida ya dafa kan amarya yana sa mata albarka, mata na tsaitsaye a bayansa. Tsohuwar talabijin ɗinmu ƙarama ce, hoton dishi-dishi. Fuskarsa kawai nake ganewa.

Sai ɗana ya kawo sabuwa, faffaɗa, aka kafa a bango. Ya ɗiga mini jan farce a kan maɓalli biyu na rimot, na kunnawa da na tsayarwa. Ranar na kalla ni kaɗai. Na ga zaren aikin hularsa, na ga furfurar girarsa. Sannan na ga bayan kafaɗarsa. Maƙwabciyata ta ɗaga hannu tana karkaɗa shi yadda nasa yake yi, har da karkatar da baki. Ta Mabera ta toshe bakinta da mayafi, dariya ta cika mata ido da hawaye.

Alhamis suka zo. Na kunna, na ce, "Kun ga yadda wagga ke fid da komi tas?"

Maƙwabciyata ta kurɓi kunu ta ce, "Hajiya, ni ban ga wani bambanci ba. Girma dai ta fi waccan."

"Duk ɗaya ne," in ji ta Mabera. "Yaran yanzu da son sabon abu."

A lokacin wurin yana wucewa. Dukansu biyu suka duƙa suna gyaran zane.

Abu ɗaya nake so, su ce sun gani. Da sun ce, da mun yi kuka tare, da ya wuce. Ba su ce ba, ni kuma ban daina kunnawa ba. Na riƙa shimfiɗa musu tabarma dab da bangon. In an zo wurin sai in danna jan farce na biyu, in ce zan duba tukunya, in bar su da fuskokinsu kamar faifai a gabansu. Ina daga madafa ina jin shirun, kuma ba zan yi ƙarya ba, daɗi yake mini.

A Alhamis ta biyar na tsayar, na sa yatsa a kan gilashin. "Wanga mayafi na wa ne?"

"Idona ya yi rauni, Hajiya," in ji maƙwabciyata, wadda ke zura zare a allura ba tabarau.

Na ce to. Na cika kofi da kunu mai zafi na miƙa mata, ina karkaɗa hannuna, na karkatar da bakina. Kunun ya zube mata a cinya, ya ɓata sabuwar atamfarta. Ta tashi ta sa takalmi, ta Mabera ta bi ta.

Ba su sake zuwa ba. Ina jin dakanta ta katanga, ita ma tana jin bidiyon, don ina ƙure murya.

Yanzu na rataya ɗankwali a gefen talabijin ɗin ya rufe su. Sai dai yana rufe har da kafaɗar Malam, da hannun da ya dafa kan 'yarsa. Ranar da na yi kewar hannun sai in ɗaga ɗankwalin, in same su suna nan suna dariya.