Furen da Shanu Suka Cinye

Tun da matata ta rasu na rufe shagon hotona a Katsina. Ni da na tsufa ina cewa mutane su ɗan matso hagu, su yi murmushi, sai na wayi gari ba na iya kallon fuskar kowa ta cikin kyamara. Da na ɗaga ta, hannuna rawa yake yi. Sai in ajiye.

Aminina, wani dillalin dabbobi mutumin Belbeji, shi ya gaji da ni. Ya zo har gida ya ce, "Kai dai tashi mu tafi can ƙasarmu Damargu, in mutuwar za ka yi ka yi ta a gabana." Shi ya cusa kyamarar a jakata, ina ta masifa.

Ƙarshen bazara muka isa, kuma wallahi abin da na gani ya girgiza ni. Ƙasa fayau, ba ko tsinke. Shanu kwance a bakin rijiya, sai an kama wutsiya an ɗaga su. Na ce masa, "Nan ka kawo mai baƙin ciki? Sannu da dabara!"

Wata safiya ya ɗauke ni a babur zuwa arewa neman wani makiyayi. Muna hawa wani tudun yashi na yi ihu ya tsaya. Innalillahi! Kwari guda a gabanmu kore shar, fure rawaya ya lulluɓe shi, ga wasu farare dogaye sun tsaya tsakani. Ashe can haka ruwa yake yi, ya zuba a kwari ɗaya ya tsallake goma. Na durƙusa na duba furen da kyau, sai na ga tsidau ne. Tsidau fa, ƙayar da ta ci mini tafin ƙafa ina yaro! Ban taɓa sanin shegen yana da fure ba.

Ban san lokacin da na ciro kyamara ba. Na kwanta rub da ciki, babban mutum da furfura, ina ɗauka. Hannuna bai yi rawa ba. Fure ba ya kallonka, ba ya yi maka ta'aziyya. Ranar na ci tuwo har da ƙari, na kuma ƙudura zan koma in ɗauki fararen nan da ba su gama buɗewa ba.

Kashegari kasuwa ta ci. Ina zaune wajen mai shayi ina nuna hotunan, sai wani dattijon Bafulatani ya leƙo ta kafaɗata. Ya daɗe yana kallo. Na ce, "Baffa, ka ga kyau ko?"

Shi ba kyau yake dubawa ba. Ya sa yatsa a bayan furen, inda ciyawa ta fito dushi-dushi, ya rage murya ya ce, "Malam, yaushe? A ina?"

Ni kuwa da bakina kamar ganga na faɗa masa tudun, na faɗa masa hanyar. Aminina ya taka mini ƙafa, amma ina! Sai daga baya ya gaya mini cewa a can labarin ruwa ba a shelarsa. Makiyaya sukan tura mutum a raƙumi ya yi kwanaki yana nema, in ya samu sai ya raɗa wa danginsa kawai. Kafin shayina ya huce rumfar ta watse.

Zazzaɓi ya kwantar da ni 'yan kwanaki. Ina warkewa na ce a mai da ni kwarina. Muka hau tudun, na duba. Babu fure ko ɗaya. Shanu, awaki, raƙuma, ko'ina baki ne a ƙasa yana tsinka. An cinye rawayan, an tattake fararen. Abu ɗaya da ya sa na ji ina so gari ya waye, ga shi a cikin tumbin dabba. Na fara zage-zage, hawaye na zuba, ban ko ji kunya ba.

Sai ga dattijon nan ya taho da sauri, ya kama hannuna da hannu biyu, ya ja ni. Ya kai ni gaban wata jar saniya a kwance, ƙasusuwanta duk a waje. Ya ce a amalanken jaki ya kawo ta, don ta daina tashi ko an ɗaga ta, kuma ita kaɗai ta rage daga shanun da mahaifinsa ya bar masa.

Muna tsaye ta yunƙura. Ta dafa, ta yi tangaɗi, ta miƙe da kanta. Wani ɗan fure rawaya na maƙale a leɓenta.

Dattijon ya dafa wuyanta, ya gyara rawaninsa, ya dube ni ido cikin ido. Ya ce, "Malam, ɗauke mu tare."

Na so in ce ni ba na ɗaukar mutane. Na ɗaga kyamarar, fuskarsa ta cika gilashin, na jira rawar hannun. Ba ta zo ba. Sai na ji muryata, wadda na ɗauka an binne tare da matata, tana cewa, "Baffa, ɗan matso hagu."