Ranar da Inna Ta Cinye Mu Ba Ta Taɓa Ƙwayar Ludo Ba

Akwai wani yinin Asabar a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi da ba na jin zan manta da shi, ko da tsufa ya kai ni inda zan riƙa kiran jikokina da sunan juna. Shekaru sun ja, amma har yau in na ga an zuba aya a faranti sai na yi murmushi ni kaɗai.

Ni sana'ata murya. Tun ina saurayi nake ɗaukar talla: mai shagon atamfa, mai ruwan leda, makarantar Islamiyya da ke neman sababbin ɗalibai, wani lokaci har cigiyar akuya. Wasu a saka a rediyo, wasu a ɗaura lasifika a kan mota a zaga unguwa da su. Ban yi kuɗi ba, amma an san muryata. Sau tari ina cikin cinikin tumatir mai kayan miya zai tsaya ya ce, "Malam, sake magana in ji." Ba na ɓoyewa, abin yana yi mini daɗi.

Matsalata ɗaya ce a lokacin, ba ni da wurin ɗaukar murya na kaina. Ɗakin wani nake haya na awa ɗaya ko biyu, in ya ga dama ya ba ni, in yana da baƙi in koma gida da aikina a baki. Sai ga wani ɗan shago ya fito kusa da kasuwar Tarauni, can ciki inda ƙarar motoci ba ta kaiwa. Na je na gani, na tafa hannu a ciki na saurara, na ji babu amsa-kuwwa. Mai shagon ya ce zai jira ni zuwa ƙarshen wata, in ban kawo ba akwai wani tela da ke so. Tun daga ranar na riga na jera kujeru a cikinsa a zuciyata.

A cikin makon ne wani saurayi mai tsaf-tsaf ya neme ni, muka haɗu a wani wurin cin abinci a titin gidan zoo. Ya ce kamfaninsu na da wani wasa a waya, suna son tallan Hausa, kuma an ce musu ni ne mutanen gari ke yarda da maganata. Da ya faɗi abin da za su biya, sai da na ajiye cokali. Kuɗin ya isa in kama shagon, ya isa sabon makirfo, har da canji. Na dai daure na tambaye shi ko ba caca ba ce, don ni ɗan gidan malamai ne, na san hukuncinta.

"Haba Yallaɓai," in ji shi, "caca ai ita ce a kwashe maka komai. Mu namu, cikin kowace ɗari da aka zuba, casa'in da bakwai ga jama'a take komawa. Ukun nan kuɗin nishaɗi ne kawai. In ka shiga gidan kallon ƙwallo ba ka biya a ƙofa?"

Maganar ta shige ni, domin dama ina neman hanyar da za ta shige ni. Na ɗauka mutum zai zuba ɗarinsa, ya yi wasansa, in zai tashi a miƙo masa casa'in da bakwai. Aikin kuwa ba wuya. Zan faɗi wannan lissafi da muryata ta dattako, daga nan in sauya murya in kece da dariya irin ta wanda ya ci, in ce yau na dace. Muka rabu a kan zan ba shi amsa ranar Litinin.

Ranar Asabar bayan azahar ina zaune a tsakar gida ina gwada dariyar. In yi ta da ƙarfi, in ga ta yi yawa, in sassauta. Maiɗakina, wadda ke koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata a Unguwar Gano, tana gefe tana tsince shinkafa. Ta ɗago ta dube ni.

"Malam, lafiya kake dariya kai kaɗai? In aljanu ne ka faɗa mana da wuri."

Na ba ta labari da alfaharina, har da misalin gidan kallon ƙwallo, kamar ni na ƙirƙiro shi. Ta saurara har na gama. Abin da nake so da ita ke nan, ba ta katse mutum, sai ya gama haƙa raminsa da kansa. Ba ta ce mini uffan game da halal ko haram ba. Ta ajiye shinkafar, ta shiga ɗaki ta fito da ƙwayar ludon yara, 'yar mai fuska shidan nan da ake kaɗawa a kofi, da kwanon ayar da aka jiƙa za a yi kunu. Ta kira ƙanwata, wadda ke karatun jinya a asibitin koyarwa ta zo hutun ƙarshen mako, ta kuma leƙa ta katanga ta kira matar maƙwabcinmu.

Mahaifiyata, Inna, tana kan tabarmarta a inuwar ɗakinta da carbi a hannu. Da ta fahimci abin da ake shiryawa sai ta gyara zama. "Ba dai a gidan nan ba," in ji ta. "Ina raye za a baje mini caca a tsakar gida?"

"Inna, karatu ne," in ji maiɗakina. "Ayar nan duk taki ce, in an gama kwano ɗaya za ta koma a yi kunu, ba wanda zai tafi da ko ƙwaya. Ke ma ba wasa za ki yi ba. Faranti kawai za ki riƙe mana."

Inna ta ce in dai riƙon faranti ne ta iya. Aka ɗora mata shi a cinya da 'yar aya kaɗan a ciki, mu uku kuwa aka cika wa kowa tafin hannu biyu.

Dokar mai sauƙi ce. Kowa zai ajiye aya ɗaya a farantin Inna, ya faɗi lamba daga ɗaya zuwa shida, ya kaɗa ƙwaya. In ba ta fito ba, ayar ta zama ta faranti. In ta fito, Inna ta ba shi biyar. Na ce ai wannan garaɓasa ce, ɗaya ta jawo biyar. Maiɗakina ta tambaye ni fuska nawa ƙwayar ke da ita, na ce shida. Ta ce to in ana son adalci, tunda a jifa shida sau ɗaya ake sa ran dacewa, shida ya kamata a biya. Wannan ɗayar da aka rage, ita ce kason mai faranti. Ta ce a wasan wayar gibin bai kai haka faɗi ba, ita ta buɗe shi ne don mu ga ƙarshen abin kafin la'asar, amma ginin iri ɗaya ne. Na ji ta, sai dai a raina na ce aya ɗaya me za ta yi.

Aka fara. Tun ba a je ko'ina ba ƙanwata ta kira shida, shida ta fito. Ta sake, ta sake fitowa. Kafin ka ce me ta tara tuli a gabanta, farantin Inna ya kusa komawa wayam. Yarinyar nan da ke shiga ɗakin marasa lafiya a natse, sai ga ta ta miƙe tana taka rawa da kofi a hannu.

"Yaya, ka ga hannu? Inna, ki shirya, yau sai na karɓe har farantin."

Inna ko a jikinta. Ta ƙirga biyar ta miƙa mata, ta koma kan carbinta. Maiɗakina ta taɓo ni ta ce in dubi ƙanwar tawa da kyau, in kuma saurari dariyarta, don ita ce dariyar da aka ce in yi. Na saurara kuwa. Ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba.

Matar maƙwabcinmu ce ta fara ƙarewa. Ba wani babban faɗuwa ta yi ba, ɗaya-ɗaya ayar ta riƙa zamewa, ta ci nan, ta rasa can, har ta duba ta ga zaninta babu komai. Ni na ɗan jima. Na sauya lamba, na sauya hannu, na hura wa kofin iska, har na ce a bar ni in kaɗa a tsaye. Duk lokacin da na ci sai in ji ai yanzu ne abin zai juyo, in mayar da abin da na ci cikin wasa. Abin da ya ba ni haushi, ba wanda ya cuce ni. Da hannuna nake kaɗawa, a gaban idona ƙwayar ke faɗuwa, Inna kuwa ba ta taɓa rage wa kowa ko rabin aya a biyansa ba.

Ƙanwata ta fi kowa daɗewa, kuma ita ta fi ba ni tausayi. Da tulinta ya fara raguwa na ce ta tashi haka nan, tana da riba. Ta ce sai ta mayar da shi yadda yake ɗazu. Rawa ta tsaya, surutu ya tsaya, ta zauna ta haɗe rai tana kaɗawa da sauri-sauri. Maiɗakina ta ce wannan saurin shi mai faranti ya fi so, domin kasonsa a kan kowane jifa yake, ba a kan mutum ba. Ana kiran la'asar a masallacin layinmu ƙanwata ta ajiye ayarta ta ƙarshe.

Sai a lokacin maiɗakina ta warware mini casa'in da bakwai ɗin. Ta ce ba ƙarya suka yi ba, amma ba alkawari ne ga mutum ɗaya ba. Lissafi ne na duk abin da dubban mutane suka zuba in an haɗa, wani ya kwashi da yawa, da yawa su tashi hannu wofi. Kuma ukun ba sau ɗaya ake cire ta a ƙofa ba kamar kuɗin kallon ƙwallo. Duk sanda ka mayar da abin da ya dawo maka, sai an sake gutsura, a sake, a sake, har ɗarin ta narke kana ganin kamar wasa kake.

Inna ta dubi farantin da ya cika har yana zuba a cinyarta. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, sai ta ce, "Kai, wannan. Ni fa ban taɓa 'yar ƙwayar nan ba ko sau ɗaya. Ban zaɓi lamba ba, ban yi addu'ar in ci ba. Zama kawai na yi." Ta miƙa wa maiɗakina farantin. "To su masu wayar, da muryarka suke so su kira mutane su zo su zauna a gabansu?"

Na tashi na yi alwala. Gaskiya raina ya ɓaci a ranar, kuma ba da kamfanin ba, da maiɗakina, don ta rushe mini shago da kwanon aya. Ko kunun da aka yi da yamma ban sha da daɗin rai ba, ko da yake sai da na ƙara kofi na biyu. Ranar Litinin na kira saurayin na ba shi haƙuri. Ya ƙara kuɗi, na sake ba shi haƙuri. Ƙarshen wata tela ya shiga shagon, na wuce na ga ya kafa kekensa daidai inda na yi niyyar ajiye teburina.

Maiɗakina ce ta ba ni shawarar in riƙa ɗaukar murya a gida, a cikin durowar kayanta, wai tufafi na shanye amsa-kuwwa. Haka na yi fiye da shekara, ina tsugune tsakanin atamfofi da leshi ina tallan ruwan leda, ina fitowa jiƙe da gumi ina ƙamshin turaren wuta. Yara suka riƙa cewa Baba ya shiga ofis. Daga baya Allah ya hore mini wani wurin a Daurawa, wanda nake ciki har yanzu, kuma ya fi wancan faɗi.

Amma ba samun wurin ne ya kwantar mini da hankali ba. Watanni kaɗan bayan wannan Asabar, na hau adaidaita sahu daga Tarauni zan koma gida, sai ga tallan a rediyon direban, da muryar wani da ban sani ba. Ya faɗi casa'in da bakwai ɗinsa, ya yi dariyarsa. Na ce wa direban ya ɗan rage ƙara. Ya waiwayo da sauri.

"Baba, kai ne mai tallan makarantar Islamiyyar nan ko? Wallahi na gane muryar. Saboda kai na kai 'ya'yana biyu can." Ya nuna rediyon da haɓa. "Wannan kullum sai sun saka shi, abokaina duk sun shiga. Ni dai ban yarda da muryar mutumin ba. Da irinku ne suka faɗa, da tuni na gwada da cinikin yini ɗaya."

Na dubi bayan wuyansa, duk gumi, da 'yar jakar da yake tara cinikinsa rataye a gaba. Da muka iso na biya shi, na ce ya riƙe canjin, ya yi ta godiya bai san dalili ba.

Abin da na koya a ranar farantin Inna shi ne, duk wasan da aka gayyace ka, kada ka tsaya kallon mai rawa don ya ci, ka nemi wanda ke zaune shiru bai damu da abin da ƙwaya za ta nuna ba. Na kuma gane cewa yardar da mutane suka yi wa muryata ajiya ce suka ba ni, ba kayana ba ne da zan sayar. Wannan direban bai san ya taɓa shiga tsakar gidanmu ba, amma da cinikinsa aka yi wasa a ranar, kuma alhamdulillahi ya tashi da abinsa cif.