Kabarin Baba a Gindin Gurjiya

Ina Ikko wajen kwas ɗin akawu Baba ya rasu. Kafin waya ta same ni, in kamo jirgin ƙasa in iso Unguwar Kanawa, har an yi sadakar bakwai. Damina ce, ruwa ya daddaɓe sababbin kaburbura, ciyawa ta rufe sauran.

Maƙwabta biyu suka raka ni maƙabarta. Duk sun yarda a gindin gurjiya aka sa shi, amma itatuwa biyu ne a wurin, matasa, masu ƙaya a jiki, tsakaninsu kamar taku arba'in. Kowa ya nuna nasa, ya ce ɗayan rimi ne. Ni kuwa haifaffen Kaduna, na haddace lambar kowane fayil a ofis, amma in ba mangwaro ba ban san sunan itace ba. Kunya da haushin kaina suka ishe ni.

Na tsinko ganyen kowanne na kai wa Inna. Mace ce, ba ta shiga maƙabarta, amma a ƙauyen Katsina ta tashi. Ta shimfiɗa su a cinya, duka biyun a rarrabe kamar yatsun hannu.

"Ganye ba ya raba maka su," ta ce. "Bari su kaɗe. Rimi furenshi ƙanana ne, farare-farare. Gurjiya ko ja take yi jawur, fure mai kauri kamar ƙoƙo, ka ji ya faɗo ƙasa tim. Da gindin furen muke miya. Ka yi haƙuri, ita za ta nuna kanta."

Wata biyar ina zuwa duk Juma'a bayan masallaci. Addu'ata a rabe take, ban san inda zan fuskanta ba. Na ga ganyen ya yi rawaya, ya zube, rassa suka tsaya tsirara.

Ranar da na hango ja tun daga ƙofar maƙabarta, sauri na yi har ina tuntuɓe. Na isa itacen farko, ƙasa duk fure. Na waiwaya. Na biyun ma ya yi jawur.

Na koma gida na gaya wa Inna babu rimi a wurin, duka gurjiya ne. Hawaye suka bi fuskarta.

"To," ta ce, "ka tsaya tsakiya, ka roƙa ma duk wanda ke kwance a nan. Ubanka na cikinsu."