Bulon Roba Da Ya Kai Ni Mokola Sau Biyu

Ni ne na yi kuskure, kuma gara in faɗa tun farko. Matata malama ce a makarantar yara makafi a Zariya. Da bulon roba take koya musu lissafi, irin wanda ake harhaɗawa ya kama juna, suna shafa 'yan kawunan da ke samansa suna ƙirgawa. Nata sun ƙare saura kaɗan, ga sababbin ɗalibai za su fara ranar Litinin. Da ta ji zan tafi Ibadan sarin goro, sai ta ƙulle ƙwaya ɗaya a hankici ta ce in sayo wanda zai kama da shi. Na yi dariya na ce, "Malama, roba ai roba ce." Ta sa mini hankicin a aljihu.

Mun tashi da asuba, mu uku a mota da direba. Hanyar Tegina zuwa Mokwa ta girgiza mu har abokin tafiyata ya rantse tuwon jiya ya koma gari. A Jebba muka ci soyayyen kifi, tsadarsa ta sa na tambayi mai sayarwa ko kifin ya yi boko ne. Muka kwana a Ilori, washegari kafin azahar muka shiga Sabo, unguwar Hausawan Ibadan. Kullum Sabo na ba ni mamaki: ka baro Yarabawa a titi, ka karya kwana, sai ga sallama da ƙamshin tsire kamar kana Tudun Wada.

Bayan na gama da goro, na hau keke mai ƙafa uku zuwa unguwar Mokola. A wani shagon kayan wasa, wata Bayarbiya da ake kira iya ta fito mini da iri uku. Akwai na cikin jan bokiti, mai yawa da araha. Akwai na koren kwali, kuɗinsa tsaka-tsaki. Sai wani ɗan ƙaramin kwali shuɗi da ya ninka na bokiti tsada. Ban ko buɗe ba, na rungumi bokiti. Hankicin Malama kuwa yana can aljihun wata rigar a masauki.

Mai masaukina dattijo ne, tsohon dillalin goro, a Sabo aka haife shi. Da la'asar na ajiye bokitin a gabansa ina taƙama. 'Yarsa, ɗalibar jami'a, ta tambayi na wa ne. Da na yi bayani sai ta ce, "Kawu, kun gwada da nata?"

Na ɗauko hankicin da ƙyar, don raina bai so ba. Ta ɗora na bokiti a kan na Malama, ta juya shi ƙasa, sai ya faɗo ya gangara ƙarƙashin benci.

"To ai sai a ɗauko," in ji ni.

Dattijon ya ce, "Rufe idonka ka ɗauko."

Na rufe ido na durƙusa. Na lalubo takalmi, na lalubo buta, na buga goshi da benci, bulo bai samu ba. Dattijon yana dariya har da tari. Ya ce, "Kai da ba ka sayen goro sai ka zura hannu ƙasan kwando, ka fasa ɗaya ka ji ƙararsa, yau ka sayi kaya don launin bokiti? Yaron da ba ya gani, in ya ƙirga bakwai uku suka zube, ina zai same su?"

A nan dariyar ta ƙare mini. Shekara da shekaru ina zaune da Malama, ban taɓa tambayarta yadda ɗalibanta suke koyo ba.

Da safe, bayan koko da ƙosai, muka koma Mokola da yarinyar. Ta yi wa iya bayani da Yarabanci kamar ruwa, ni dai "sukul", wato makaranta, kawai na tsinta. Iya ta dafe ƙirji, ta karɓi bokitinta ba gardama, ta zube sauran a kan tebur. Na rufe ido na fara aiki. Na koren kwali yana kamawa, amma kamun tsiya: ba ya rabuwa sai da haƙori, gefensa kuma yana da kaifi har ya karce ni. Na shuɗin kwali kuwa, ina dannawa sai na ji ƙas, irin ƙarar lafiyayyen goro. Na juya shi ƙasa, na girgiza, bai faɗo ba. Na sa babban yatsa, ya rabu a hankali. Kawunansa a fili suke, na ƙirga takwas ido a rufe. Har maƙwabtan shagon suka taru suna tafa mini, iya na kirana "Malam Injiniya".

Na ɗauki shuɗin kwali guda uku. Amma ban yarda ba sai hanya ta yi nata gwajin. Na gina 'yar katanga da sabon da na Malama a tsakiya, na sa a saman kwandon goro.

A dawowa, ramukan Mokwa suna nan inda muka bar su. Mota ta yi tsalle har hulata ta bar kaina. Muna tsayawa a ƙofar gida na buɗe kwando, sai ga katanga a tsaye, ko ɗaya bai goce ba. Na ɗaga ta sama kamar wanda ya ciyo kofi, direba na danna oda.

Na je sarin goro, na dawo na san cewa aikin da ban fahimta ba, ba ƙaramin aiki ba ne. Malama ta karɓi katangar, ta rufe ido, ta ɓalle ɗaya ta mayar. Ƙas. Ta yi murmushi ta ce, "Maigida, ashe roba ba roba ba ce?"

Na ce, "Malama, ki yafe mini. Na raina maganarki, na raina aikinki, kuma ke ce da gaskiya. Ranar Litinin ni zan ɗaukar miki kwalayen zuwa makaranta."