Injin da Usta Jatau Ya Karanta a Kofin Shayi

Na san Usta Jatau a shekarar 1995, lokacin ina karatu a Khartum, ina tsallaka gada duk mako in je Omdurman in ji Hausa in ci tuwo. Usta shi ne sunan da mutanen Sudan ke ba wanda hannunsa ya nuna a sana'a. Garejinsa kuwa, in za a kira shi gareji, inuwar dogon yaro ce guda da benci da akwatin ƙarfe, sai Sittana mai shayi da ta kafa murhun gawayinta a gefe tun kafin a yi wa titin kwalta.

Mahaifinsa ya taso daga wajen Haɗeja a ƙafa da niyyar Makka, ya iso Omdurman ya ce bari ya ɗan huta. Hutun nan ne ya haifi 'ya'ya tara, Jatau na huɗu. Ya koyi inji a famfunan ban-ruwa na Jazira, daga nan ya yi shekara goma sha ɗaya a jirgin ruwan da ke tashi daga Kosti zuwa kudu, can ƙasan jirgin, shi da inji a ɗaki ɗaya. A can ya baro kunnuwansa. Lokacin da na san shi, sai ka kafa baki a kunnensa na hagu ka ɗaga murya kamar mai kiran ɗan'uwansa a ƙetaren kogi. Matarsa Ni'mat takan ce ba macen da ta kai ta sa'a a unguwar: tana faɗin duk abin da ke ranta, ba a taɓa mayar mata ba.

To amma kowa ya san bakaniken dizal da kunne yake cin abinci. Shi ya sa direbobi suka fara zamewa zuwa rumfar Usta Mahir da ke gaba, mutum mai kirki da allon suna da fenti. Sukan gaishe da Jatau da hannu biyu, su wuce da motarsu.

Wata Laraba da hantsi, mako biyu kafin Babbar Salla, ina zaune a bencin sai ga Ɗantani. Direba ne, ɗan Hausawan unguwar Hajj Yusuf, mai wata tsohuwar lori irin wadda suke kira sifinja. Ya ɗauko raguna tamanin hawa biyu, zai kai su Bur Sudan a bakin teku, jirgin ruwan Jidda kuma zai tashi ranar Juma'a da yamma. Tafiyar kwana biyu ce, ga hawan duwatsun Sinkat a hanya. Lorin ta shigo tana ɗingishi, tana tari, hayaƙi fari-fari na fita mai yaji a ido. Ya riga ya tsaya wajen Mahir, an ce masa babban famfon mai ne, sai an cire an kai Khartum, kwana uku in an yi sa'a. Wata motar kuwa babu. A irin wannan mako ko amalanke ragunan wani ta ɗauka. Rana ta fara dukan ƙarfe, ragunan bene na sama sun buɗe baki suna haki.

Ɗantani ya durƙusa gaban tsohon ya kama kunnen hagu, ya kira shi Ammu, wato baffa. "Ammu Jatau! Ka rufa mini asiri! Sun ce famfo ne!"

"Wa ya ce?"

"Mahir!"

"Mahir ya iya aiki," in ji Jatau. "Ka yi kalaci?"

Ɗantani ya dube ni kamar in taya shi kuka. Ga raguna tamanin na neman shiɗewa, ana tambayarsa kalaci. Sittana ta ce, "Ya zol, bawan Allah, zauna. Kai ma gaggawar nan ce ta sa matarka ke aske maka kai kana tafiya." Shi dai bai zauna ba.

Jatau ya ɗaga mata yatsa ɗaya. Ta zuba jan shayi a ƙaramin kofin gilashi, ba madara, ta cika shi har kusa da baki. Na zaci sha zai yi. Sai ya ɗauka ya je ya goge ƙarfen da ya rufe tayar gaba da gefen rigarsa, ya ajiye kofin a kai, ya yi wa Ɗantani alama ya tayar da mota ya bar ta tana aiki a hankali.

Na matso. Fuskar shayin tana rawa, zobe cikin zobe, amma kowane ɗan lokaci sai ta yi tsalle gefe guda, ta koma, ta sake yi. Tsohon ya sunkuya yana kallo, hannu a baya, kamar alƙali na sauraron mai ƙara. Ya daɗe. Sa'an nan ya ce, ba da kowa ba, "Biyar na aiki, ɗaya na cin abinci a banza. Da famfo ne, da duk gidan ya rikice."

Injin silinda shida gare shi, kowace da siririn bututun da ke kai mata mai zuwa nozul, wato bakin da ke fesa man a ciki. Jatau ya ɗauki sifana ya sassauta notin bututu na farko. Mai ya tsarto, injin ya ƙara rikicewa, shayin ya yi ambaliya har ya zubo gefe.

"Wannan yana aiki. Ka ga da na hana shi abinci an ji rashinsa."

Ya ɗaure, ya koma na biyu. Haka. Na uku, haka. Idonsa bai bar kofin ba, hannunsa kaɗai ke tafiya cikin zafin inji, yana samun kowane noti ba tare da ya duba ba. Da ya sassauta na huɗu, ni da nake da kunnuwa biyu lafiyayyu ban iya cewa wani abu ya canja ko bai canja ba, don ƙarar ta cika mini kai. Amma shayin bai ƙara komai ba, bai rage ba. Tsallensa na ɗazu yake yi.

"Ga malalacin," in ji Jatau. "An sallame shi daga aiki, ba wanda ya lura."

Duk da haka sai da ya gwada na biyar da na shida, don ba ya yanke hukunci bai ji kowa ba. Na zo ƙasar nan neman malamai, na zauna gaban masu rawani da yawa, amma ban taɓa ganin an karanta abu a natse kamar yadda mutumin nan ya karanta kofin nan ba.

Aka kashe mota. Ya ce wa Ɗantani, "Kai kuma maimakon ka tsaya kana numfashi a wuyana, ɗebi ruwan Sittana ka yayyafa wa baƙinka." Ɗantani ya hau wajen ragunan da bokiti, ni ina miƙa masa.

Kafin mu gama Jatau ya zare nozul ɗin, bakinsa baƙi ƙirin da gawayi. Ya ɗaura shi a wani ƙaramin famfon hannu da ke jikin bencinsa, ya kore mu baya, ya ce man da ke fita nan yana huda fata. Ya danna. Maimakon feshi, sai mai ya riƙa ɗiga kamar hancin mai mura.

"A ina ka sha mai?" ya tambaya.

Ɗantani ya sosa ƙeya, ya yi ihu a kunnen: "A jarka! Bakin hanya! Layin gidan mai ya kai kwana biyu, Ammu!"

"To ka ba ta mai da yashi, ta ci, ta gode."

Sabon kaya a shekarun nan sai mai hanya. Jatau ya buɗe akwatinsa ya fito da gwangwanin madara cike da dizal, a ciki nozul-nozul ne da ya tsinta daga matattun injuna, ya wanke, ya adana. Ya gwada ɗaya, ya mayar. Ya gwada na biyu, ya ɓata fuska. Na uku ya yi wata 'yar ƙara, ya watsa mai kamar hazo, ya ɗauke tsaf ba ɗigo. Ƙarar bai ji ta ba. Yatsa ya ɗora a jikin bututun, ya gyaɗa kai.

Saura zoben jan ƙarfe da ke zama ƙarƙashin nozul ya hana iska fita. Babu sabo, tsohon kuma ya taurare. Ya miƙa wa Sittana. Ba ta tambayi komai ba, ta ɗage tukunyar shayi ta jefa shi cikin garwashi, ta yi fifita har ya yi ja, ta ɗauko da awartakin gawayi ta tsoma a ruwa.

"Shekara ashirin ina yi masa wannan," ta ce da ni, "ko sau ɗaya bai kira ni usta ba."

Zoben ya yi laushi kamar sabo. Jatau ya share mazaunin da tsumma a kan tsinke, ya zaunar da nozul, ya ɗaure kusoshin bi da bi, kaɗan nan kaɗan can. Ya bar notin bututun a sake, ya sa aka juya inji har kumfa ta ƙare mai zalla ya fito, sa'an nan ya ƙarasa ɗaurewa. Ya sa aka wanke matatar mai, ya ba Ɗantani wani tsohon ƙyalle ya ce duk man jarka ya bi ta cikinsa tukuna.

Da lorin ta tashi, sai ta kama wata murya mai santsi, hayaƙin ya washe. Sabon shayin da aka ɗora ya tsaya da zobensa siri-siri, ba tsalle. Usta Mahir, da ya zo tun ana gwada na biyar ya tsaya a bayanmu, ya dafa kafaɗar tsohon ya ce, "Mashallah, ya Ammu," ya koma rumfarsa yana girgiza kai. Azahar ba ta yi ba Ɗantani ya ɗau hanyar garin Madani.

Ranar Talata wani direba da ya dawo daga Bur Sudan ya kawo saƙo. Jatau na ƙarƙashin wata tankar ruwa, ƙafafunsa kaɗai ake gani, sai da mutumin ya kwanta a ƙasa ya nemo kunnen.

"Ɗantani ya ce a gaya maka ya isa Juma'a da hantsi! Tamanin ɗin duk sun hau jirgi da ƙafarsu!"

"Da giya ta nawa ya hau Sinkat?"

"Ta biyu!"

Sai muryar ta fito daga ƙarƙashin tankar: "Yaron nan matsoraci ne. Ai da ta uku za ta hau. Miƙo mini sifana mai lamba sha bakwai ɗin nan da ke kusa da ƙafarka."